Bar-su, karyar da na karɓo daga riƙo

Shekara uku ke nan, cikin sanyi, dila ya ɗauke mini ƴan tumaki huɗu a dare tara. A lokacin muna zaune a bakin kwarin Tarka, arewa da Dakoro, tsohon karena kuma bai fi wata guda da mutuwa ba. Shekara 11 ya yi yana kwana a bayan garke, ban taɓa sanin yawan aikin da yake yi mini ba sai da ya tafi. Duk makiyayin da ya taɓa tashi da asuba ya tarar da tunkiya tana kuka, hantsa cike da nono, babu ɗa, ya san abin da nake nufi.

Ni makiyayi ne, kuma ina cikin mataimakan likitan dabbobi da aka horar a yankinmu, masu yawo da allura da maganin tsutsa daga rijiya zuwa rijiya. Na faɗi haka ne don ku san kuskuren da zan ba ku labarinsa ba na rashin sani ba ne. Gaggawa ce ta ja mini.

Ranar kasuwa na ga wani yaro yana jan wani jan kare da igiya, dogo, mai faɗin ƙirji. Ya ce a bayan mahauta ya tsince shi. Na ba shi dala ɗari, na ɗaure karen a bayan amalanke, muka kama hanya. Ni da ba na sayen rago sai na buɗe bakinsa na duba haƙora, na shafa hanci, na tambayi garken da ya fito, sai ga ni na kai dabbar da ban san komai a kanta ba har tsakiyar iyalina. Matata da ta gan shi cewa ta yi, tsintacciyar mage ba ta mage. Na yi dariya.

Kwana 12 ya yi a wurinmu. Ran na goma sha biyu ɗan ƙanena, yaro ɗan shekara bakwai, ya je ɗaukar ƙwarya kusa da shi, sai ya cafke shi a sha-raɓa, ba haushi ba gurnani. A daren ya tauna igiyarsa ya tsinke ta, ya shiga daji. Ba mu sake ganinsa ba.

Da karen yana hannunmu, da an ɗaure shi an sa masa ido. Kare ba ya sa wa mutum ciwon hauka sai ƙwayar cutar ta iso cikin yawunsa, in kuwa ta iso, kwanakinsa sun kusa ƙarewa. Shi ya sa likitoci ke cewa in kare ya ciji mutum, ya cika kwana 10 lafiyarsa lau, yana ci yana sha, to cizon nan bai ɗauke da cutar ba. Mu a nan mukan cika kwana 15 don hankali ya kwanta. Amma karen da ya ciji mutum ya ɓace, ana ɗaukarsa mahaukaci ne. Muka wanke raunin da ruwa da sabuni, muna zuba muna kwararwa har minti 15, yaro na ihu, kakarsa na roƙona in bari a sa masa garin magani a ɗaure. Ban bari ba. Gidan likita mafi kusa ba su da allurar, sai da muka dangana da Maradi, tafiyar fiye da kilomita 100. Allurar kuma ba guda ba ce, ana yin ta ne a ranaku daban-daban, ba a tsallake ko ɗaya. Tsakanin kuɗin mota, da abinci, da magani, awaki uku suka tafi. Yaron yana nan, yanzu shi ke kai ƴan maruƙa mashaya. Amma makonnin da na yi ina kallon yadda yake haɗiye ruwa, ba na fatan su ga maƙiyina.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon haukan kare na kashe mutane wajen 59,000 kowace shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma huɗu cikin goma yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum, magani ya ƙare. Bisashe ma ba su tsira ba: saniya, jaki, raƙumi, akuya, duk cizon kare ko na dila na iya sa musu shi. Saniyar da ke ta kuka ba dalili, yawu na dalala, kamar wani abu ya maƙale mata a maƙogwaro, kada ka zura hannu a bakinta don cirowa. Kira likita.

Ban gama farfaɗowa daga wannan ba, da bazara raguna biyu balami suka fara zagaye wuri guda kamar masu hajijiya, kai a karkace, suna karo da itace. Da muka yanka na farko, likitanmu ya fasa kan, ya nuna mini wata ƴar jaka mai ruwa a cikin ƙwaƙwalwa, da ɗigo-ɗigo farare a jikinta. Kowane ɗigo kan tsutsa ne. Uwar tsutsar a hanjin kare take zaune, ƙwanta na fita cikin kashinsa, ya zube a ciyawa da bakin ruwa, tunkiya ta ci, bayan watanni jakar ta girma a kanta. In ta mutu aka jefa wa kare kan, sai ya haɗiye ɗigon nan, su zama sabbin tsutsotsi a cikinsa. Haka abin ke kewayawa. Na so in ɗora wa jan karen laifi, kuma mai yiwuwa shi ne, tunda a bayan mahauta ya yi rayuwa. Amma in zan faɗi gaskiya, tsohon karena ma na sha jefa masa kan mushe.

Gidan da ake riƙon karnuka

Ardonmu ne ya ce mini in je gefen gari wajen wata dattijuwa mai yin cuku. Mijinta makiyayi ne, farin 2010 ya share musu garke, bai daɗe ba ya rasu, ita kuma ta zauna tana sayen madara a hannun mata tana yin cuku tana sayarwa. Mutanen daji sun san ta, nan suke sauka ranar kasuwa. To in mutum ya sayar da sauran bisashensa zai tafi cin rani, ko rashin tsaro ya tashe shi zai shiga mota da iyali, kare ne abin da ba ya da wuri. Direba ba zai ɗauke shi ba, dangi na gari ba sa so. Mafi yawa ana barinsu ne a tasha, su bi motar da gudu har su gaji, su koma cin shara da ragowar mahauta. Wasu kuwa da ba su iya yin haka ba, sai su kawo mata, su ce, Inna, riƙe mini.

Kalmar da ta yi amfani da ita ke nan, riƙo, kamar yadda ake ba gwaggo riƙon yaro. Wani likitan dabbobi ya taɓa nuna mini a salula cewa a Ingila da Amurka akwai ƙungiyoyi masu wannan aiki: suna karɓar karen tumakin da gona ta daina buƙata, su ajiye shi a gidan wani na ɗan lokaci, ya gane halinsa, sannan a nema masa mai shi na dindindin. Karnukansu dai aikinsu daban ne, da fito ake umartarsu su tattaro tumaki su koro su. Namu ba sa kora. Gadi suke yi, su kwana a farke, su ji abin da ba mu ji ba. Amma dabarar ɗaya ce, kuma tsohuwar nan ba ta taɓa jin labarinsu ba.

Na tarar da uku a gidanta, cikin wani shinge na ƙaya, kowane da inuwarsa da kaskon ruwansa. Ruwan da ke tsiyaya in an matse cuku, shi take dama musu da dusar hatsi da ragowar tuwo.

Na nuna wani baƙi mai ƙiba na ce shi nake so.

Ta ce, "Ɗana, akwai yara a gidanka?"

Na ce akwai, har da mai rarrafe.

"To ba naka ba ne. Wannan ba ya son a matso shi in yana ci. Na wanda ke kwana shi kaɗai da raƙuma ne."

Na biyun ta ce yana da kyau da mutane, amma ya taɓa kama ɗan akuya a gidan maƙwabta, kuma karen da ya ɗanɗani jinin ɗan akuya ba a ba shi amanar garke. Ta ukun wata siririyar karya ce mai launin rairayi, dogayen ƙafafu, ciki a ɗame, ƙasusuwan kwankwaso a fili. Na ce wannan ai yunwa ta gama da ita. Tsohuwa ta yi dariya ta ce haka jininsu yake. Jinin karnukan Azawak ne, na wajen Abalak da Cintabaradan, waɗanda Abzinawa ke ce wa oska. Tun shekarun 1970 Turawa suka kwashi irinsu zuwa ƙasashensu suna ado da su. Wani Bafillace ne ya bar ta wata bakwai da suka wuce. Cikin tumaki aka haife ta, cikin tumaki ta girma. Sunanta Bar-su.

Abin da na karɓo a wannan gida ba karya kaɗai ba ce, har da wata bakwai na idon tsohuwar nan. Ku lura da wannan, don nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Kwana 10 ko 15 ɗin da na ambata suna gaya maka ne ko cizon da aka riga aka yi yana da haɗari. Ba sa gaya maka ko kare na ɗauke da cutar a ɓoye. Daga ranar da mahaukacin kare ko dila ya cije shi zuwa ranar da zai nuna alama, yawanci mako biyu ne zuwa wata uku, wani lokaci har wata shida. Allurar rigakafi kuma ba ta warkar da wanda cutar ta riga ta kama. Ke nan karen da ka tsinta a kasuwa, ko ka yi masa allura a ranar, ba ka san abin da ya cije shi watan jiya ba. Wanda ya yi watanni cikin shinge a gaban mutum mai lura, ba ya yawon dare, ba a ga rauni a jikinsa ba, wannan ka san abin da kake ɗauka.

Na tambaye ta allura. Ta shiga ɗaki ta fito da wata takarda a naɗe cikin leda. Lokacin da ma'aikatan kiwo suka zo yi wa bisashe rigakafi ta tsare su har sai da suka yi wa karnukan, ta biya daga kuɗin cuku. Na ji kunya. Ni da jakar allura a kafaɗa ban taɓa yi wa tsohon karena ba.

Kafin ta shiga garke

Ban tafi da ita a ranar ba. Na auna nauyinta da ma'aunin hatsi, na ba ta maganin tsutsar hanji mai suna praziquantel, milligiram 5 ga kowane kilo na nauyin jiki. Maganin tsutsar da muke ba tumaki ba shi ne na wannan aiki ba, kada a dogara da shi. Haka kuma kada a ɗebi allurar shanu ko maganin kaska na shanu a yi wa kare da ka, sai an tambayi likita. Maganin na kashe tsutsar amma ba ya kashe ƙwan da ke cikinta, don haka muka bar karyar a ɗaure kwana biyu, muka kwashe kashinta muka binne da zurfi, nesa da rijiya. Na cire mata kaska a kunnuwa da tsakanin yatsu, na duba fatarta ko akwai ƙazuwa. Ran na uku na dawo da amalanke.

A zango na ɗaure ta a gindin wata aduwa, inda take ganin tumaki suna ganinta amma ba su haɗuwa. Kwana uku na farko ba ta ci komai ba, tana kallon hanyar gari. Na hana yara zuwa kusa, ni kaɗai ke kai mata abinci, a lokaci guda, a kasko guda. Tumakin da dila ya firgita ba su yarda da ita ba, da sun ji motsinta sai su taru wuri ɗaya suna buga ƙafa. Sai a mako na biyu na fara zagayawa da ita da igiya a hannu, da maraice in garke ya dawo. Wata tsohuwar tunkiya uda ta tunkuye ta. Ta kwanta, ta kau da kai. Nan na san tsohuwa ba ta yi mini ƙarya ba. Karen da ya kafe ɗan tunkiya da ido, ya sunkuyar da kai, yana tafiya a hankali kamar mai sanɗa, mai da shi inda ka ɗauko shi. In ka ga kare na shinshina takalmi, ɗauka zai yi.

Na sake ta da dare bayan mako uku. A daren farko ta yi haushi sau biyu ta gabas, na fito da tocila ban ga komai ba. Da safe na ga sawun dila a rairayi, ya zo ya tsaya, ya juya. Daga ranar zuwa yau ɗan tunkiya ɗaya na rasa, shi ma da rana ne, ya ɓace a kiwo.

Akwai abin da na canza a gidana wanda ya fi allura wuya, domin al'ada ce. Ba a ƙara jefa wa kare kan tunkiya, ko huhu, ko hanta ɗanye. In an yi yanka aka ga jakar ruwa a hanta ko huhu, ba a yanke wurin a wurga wa kare kamar yadda muka saba. Ana ƙonawa ko a binne inda ba zai tono ba. Wannan jakar ta hanta wata tsutsar ce daban, kuma ta fi ta kai sharri, don tana kama mutum: ƙwanta na manne a gashin kare, yaro ya shafa shi ya ci abinci bai wanke hannu ba, bayan shekaru a ga jaka a hantarsa sai an yi masa aiki. Ranar sallar layya ce ranar da ta fi kowace haɗari, kayan ciki ko'ina, karnuka na bin gida-gida. Ranar Bar-su a ɗaure take wuni. Mabiyiya da ɗan ɓari ma binnewa muke. Kuma karen da ya ƙoshi ba ya neman mushe. Da yawanmu muna cewa kare shi ke nema wa kansa abinci, alhali inda yake nemowa nan cutar take. Abin da take ci bai wuce ragowar tuwo da ruwan nono ba, sai ruwan sha a kaskonta, ba a kwamin da bisashe ke sha ba. Maganin tsutsa ina maimaita shi duk wata uku, in kuma na san ta ci abin da bai kamata ba, ba na jira. Tsutsar na isa yin ƙwai cikin wajen mako shida. Allurar hauka kuma kowace shekara.

Wani ɗan'uwa a ƙungiyarmu ya ce mini duk wannan wahala a kan kare, dabbar da ko taɓa ta ba a so. Na ce ya tambayi liman. Malamai sun halatta ajiye kare don kiwo, da gona, da farauta, kuma abin da ka ajiye yana yi maka aiki, ci da shansa da lafiyarsa suna wuyanka. Ban da haka ma, lissafi kawai ya isa: kuɗin allurar shekara da ƙwayoyin tsutsa bai kai kuɗin ɗan tunkiya ɗaya ba.

Na kai maganar taron ƙungiya. Wasu sun ce abin da ya fi sauƙi shi ne a zuba guba a bayan kasuwa a huta. An sha yin haka a garuruwa, karnuka kuma ba su ƙare ba, wasu ne ke zuwa su cike gurbin, gubar kuma ta kashe ungulu da karen gida. Abin da masana suka tabbatar yana tsayar da ciwon hauka shi ne a yi wa aƙalla bakwai cikin goma na karnukan wuri allura. Mun tsayar da abu kaɗan wanda za mu iya. Duk wata ƙungiya na kai wa tsohuwa tiya biyu na hatsi da dusa. Ni ke zuwa in duba duk karen da aka kawo mata, a ware shi daga sauran, a yi masa allura a rubuta ranar a littafin ƙungiya. Wanda ba a san inda ya fito ba, ba ya fita sai ya cika wata shida. Mai son kare zai je da kansa ya zauna da ita ta yi masa tambayoyinta, in ta ce a'a, a'a ne. Ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, ta zo daidai da ƙarshen damana lokacin da mutane ke kusa da juna, sai muka mai da ita ranar kawo karnuka allura. Shekarar farko tara aka kawo. Ba yawa, amma da babu ko ɗaya.

Saura magana guda da ta dame ni tun farko: in mai ita ya dawo fa? Ardo ya ce ai Fulani sun daɗe da warware irin wannan. A habbanaye kana ba ɗan'uwanka aron karsana, ta haihu a hannunsa, ya riƙe ƴaƴan, uwar ta koma gida. Muka ce haka za a yi, sai dai a bar wa mai ita zaɓi.

Bara da kaka ya dawo. Ya yi shekara biyu yana gadi a wani gari a kudu, ya tara abin da ya sayi awaki takwas. Tsohuwa ta kwatanta masa zangonmu. Tun yana nesa Bar-su ta miƙe, ta yi haushi ɗaya, sai ta yi shiru, ta tafi da gudu tana kewaya shi tana kuka ƙasa-ƙasa. Ya tsuguna ya daɗe bai ce komai ba. Na shimfiɗa masa tabarma, aka kawo fura, gabana na faɗuwa.

A lokacin tana da ƴan kwikwiyo biyar, wata biyu da haihuwa. Ya dube su, ya dubi tumakin da take kwance a tsakiyarsu, ya ce, "Malam, ta riga ta zama ta garken nan. Awaki takwas ba su kai a raba ta da su ba. Ba ni biyu cikin ƴaƴan."

Na ce ya bar su su cika wata uku in yi musu allura tukuna. Ya ce zai dawo ranar kasuwa ta huɗu. Ya dawo, na ba shi mace da namiji, da takardarsu cikin leda, da ƙwayoyin tsutsa na wata shida, na nuna masa yadda ake raba ƙwayar daidai nauyinsu. Sauran ukun suna hannun ƴan ƙungiya, ɗaya a Bermo, biyu a nan kusa. Baƙin karen nan mai faɗa a kan abinci, wani mai raƙuma ya ɗauke shi. Wanda ya kama ɗan akuya har yanzu yana wajen tsohuwa, yana gadin cuku.